Fita Shan Iska da Mai Buƙata ta Musamman: Yadda Ake Tantance Lambu Kafin a Bar Gida

Ka tsaya bakin ƙofar kowane lambun shaƙatawa ka tambayi mai gadi ko mai keken guragu zai iya shiga, amsa ɗaya za ka ji: "Me zai hana? Ku zo kawai." Ba ƙarya ya yi maka ba, abin da yake nufi shi ne ba a hana kowa shiga. Kwatar da ke gaban ƙofar kuwa, wadda yake tsallakewa kullum ko ƙasa bai duba ba, bai taɓa ɗaukar ta a matsayin shinge ba. Haka matakala biyun da ke ƙofar banɗaki, haka yashin da ke tsakanin ƙofa da bishiyar da ta fi kusa. A kan irin waɗannan ƙananan abubuwa fita ke yin daɗi ko a dawo gida rai a ɓace, kuma dukkansu ana iya saninsu tun ana gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da wata nakasa, don haka da wuya dangin da wannan magana ba ta shafa ba. Matakan da ke tafe na mai fitar ne shi da kansa, da kuma wanda zai raka shi.

Mataki na 1: A fara da mai fitar

Kafin a ambaci sunan wani wuri, a zauna da shi. Me yake son gani, ruwa, dabbobi, ko dai ya zauna ƙarƙashin bishiya a yi hira? Awa nawa yake iya zama a keke kafin jiki ya fara ciwo? Idan da sanduna yake tafiya, nisan ina zuwa ina yake yi kafin ya nemi wurin zama? A auna da abin da ya sani, kamar daga gida zuwa masallacin unguwa. Sai tambayar da ake jin kunyarta alhali ta fi sauran nauyi: bayan awa nawa yake buƙatar kewayawa, kuma wane irin banɗaki yake iya amfani da shi? Idan mace ce, 'yar'uwarta mace ta tambaye ta, kuma a tabbatar da mace a cikin 'yan rakiya.

Buƙatun ba ɗaya ba ne, wani lokaci ma karo suke yi. Hanyar siminti mai santsi da ke yi wa mai keke daɗi, idan ba ta da baki ko wata alama a gefe, wahala ce ga makaho mai bin gefen hanya da sanda. Kurma ba ruwansa da matakala, damuwarsa babur ɗin da ke zuwa ta baya yana hon. Zabiya inuwa yake nema kafin komai. Mai farfaɗiya kuma ba a barinsa bakin ruwa shi kaɗai.

Daga nan a ɗauko tef ɗin tela a auna keken, daga wajen wannan taya zuwa wajen waccan, a rubuta. Keken turawa irin na asibiti galibi faɗinsa tsakanin santimita 60 ne zuwa 70. Keke mai taya uku da ake murzawa da hannu, irin wanda masu walda ke ƙera wa waɗanda shan inna ya taɓa, ya fi shi juriya a yashi da gargada saboda manyan tayoyinsa. Sai dai dogo ne, ba ya juyawa a ƙuntataccen wuri, ba ya naɗuwa ya shiga but, kuma da wuya ya shiga banɗaki. Mai irin wannan keke yana iya zagaye lambun kaf amma ya maƙale a ƙofar makewayi, don haka lissafinsa daban ne.

Mataki na 2: Zaɓen wuri

Sunan wuri ba ya gaya maka komai, shimfiɗarsa za ka duba. Ga misalai huɗu masu hali daban daban.

Lambun Millennium da ke Maitama a Abuja, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disambar 2003, ya kai kimanin hekta 32, kuma wani rafi ya raba shi gida biyu. Ɓangare ɗaya tsararre ne, da miƙaƙƙiyar hanya mai daɓen farin dutse da maɓuɓɓugan ruwa. Ɗayan an bar shi da itatuwa da ciyayi kusan yadda Allah ya halicce shi. Ga mai keke ko sanduna, ɓangaren farko shi ne na farawa. Wanda bai taɓa irin wannan fita ba, wuri mai wannan tsari ya kamata ya nema a garinsu: ƙasa mai tauri, hanya a miƙe, ana hango ƙofa daga inda aka zauna.

Gidan Zoo na Kano, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tudu ba shi ne damuwarsa ba. Faɗi ne da shi, kuma daga wannan keji zuwa wancan tafiya ce. A irin wannan wuri kada a ce sai an ga komai. A zaɓi dabbobi uku ko huɗu da ake marmari, a tambayi ma'aikata gajeriyar hanyar da ta haɗa su.

Yankari da ke Jihar Bauchi, dajin da ya haura murabba'in kilomita 2,200, ya zo da abin da mutane ba sa zato. Kallon giwaye da sauran namun daji a mota ake yinsa, don haka wanda ba ya tafiya da ƙafa bai rasa komai ba muddin an shawo kan hawa motar. Motocin zagayen daji masu tsayi ne, sai a tambaya tun da wuri wace mota za a shiga, kuma a nemi kujerar gaba. Ruwan Wikki kuwa, mai ɗumin kusan digiri 31 dare da rana, yana can ƙasa ne, sai an sauka matakala masu yawa. Sauka ba wuya, a hawowa ake gane kuren. A yanke shawara tun ana sama, da mai fitar, ko za a sauka ko a'a. Biran sansanin kuma ba su da kunya, kada a rataye ledar abinci a bayan keken wanda ba zai iya juyawa ya kore su ba.

Dutsen Dala matakala ne daga ƙasa har sama. Ga mai keke, a nemi wani wuri. Amma makaho mai ƙarfin jiki ko kurma, babu abin da zai hana shi hawa in da jagora nagari, shi ya sa ba a yanke wa masu nakasa hukunci ɗaya.

Mataki na 3: A aika wani ya leƙo wurin

Nan ne aikin yake, kuma gani ya kori ji. Mutum ɗaya ya je kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a daidai lokacin da ake shirin zuwa, don inuwar safe ba ita ce ta yamma ba. Ya riƙe tef da waya. Daga inda mota za ta tsaya ya kunna bidiyo, ya riƙe wayar daidai ƙugunsa yana nuna ƙasa, ya bi hanyar har inda za a zauna, daga nan ya wuce banɗaki. Mai fitar idan ya kalli wannan bidiyo zai hango abin da mai ƙafa ba zai taɓa lura da shi ba. Idan makaho ne, a kira shi a waya ana tafe ana faɗa masa abin da ke ƙasa.

Abu na farko, inda ake sauka daga mota. Ana buƙatar fili a gefen motar da za a buɗe ƙofa har ƙarshe a jingina keke. A duba ko akwai kwata tsakanin titi da ƙofa, in akwai, an rufe ta da sulab ko a buɗe take, kuma sulab ɗin ba ya lilo. Idan da adaidaita sahu za a zo, a tambaya ko ana barinsa ya kai bakin ƙofa.

Na biyu, ƙofar shiga. Wurare da yawa suna da babbar ƙofar mota a kulle da ƙaramar ƙofar mutane a gefe, wadda ke da ƙarfe a ƙasa da ake tsallakawa, ko turakun hana babura shiga. A auna tsakaninsu. Ƙasa da santimita 80 matsi ne, 90 ya fi kwanciyar hankali. Idan ba ta isa ba, a tambayi wanda ke riƙe da mabuɗin babbar ƙofa, a karɓi lambarsa, a kuma ji ko yana aiki ranar da za a zo.

Na uku, ƙasar hanya. Siminti da kwalta su ne kan gaba. Intalok yana da kyau in sabo ne, amma wanda saiwar bishiya ta ɗaga ko ruwa ya zaizaye ƙarƙashinsa yana kama ƙananan tayoyin gaba, mutum ya kifa. Jar ƙasa da ta daddale tana biyuwa da rani, da damina kuwa taɓo ce. Tsakuwa da yashi su ne abokan gaba: taya na nutsewa, sanda na zamewa. A sa ido kan ramukan magudanar ruwa da aka sace murfinsu, su ne suka fi yi wa makafi illa, da kuma rassan da suka sauko daidai fuska, waɗanda sanda ba ta ganowa.

Na huɗu, gangara. Ƙa'idar da masu gini ke bi ita ce ɗaya bisa goma sha biyu: duk tashin santimita 1, ana son tsawon santimita 12. Ke nan matakala ɗaya mai tsayin santimita 15 tana buƙatar gangara mai tsawon santimita 180, matakala uku kuma sama da mita 5. Ka riƙe wannan lissafi, domin za ka sha ganin inda aka zuba siminti ɗan taƙi a gefen matakala huɗu aka ce an yi wa guragu hanya. Irin wannan babur aka yi wa, mai keke in ya gwada hawa shi kaɗai baya zai faɗa. A kuma lura da hanyar da ta karkata gefe guda. Ido ba ya cika ganinta, amma tana jan keke zuwa kwata, hannu ɗaya ya yi ta aiki har ya gaji. Zuba ɗan ruwa a ƙasa ka ga inda ya nufa.

Na biyar, inuwa da wurin zama. A ƙirga taku daga wannan inuwa zuwa ta gaba. A duba ko benci na da majingina, ko kuma an kewaye gindin bishiyar da dakali wanda keke ba zai hau ba.

Na shida, banɗaki, wanda shi ke ƙayyade tsawon fitar gaba ɗaya. A shiga ciki, kada a tsaya daga waje. Akwai matakala? Faɗin ƙofar nawa, kuma ciki take buɗewa ko waje? Wadda ke buɗewa ciki ba ta rufuwa in keke ya shiga. Na tsuguno ne ko na zama? Keke na buƙatar fili kimanin santimita 150 kafin ya juya. A duba ƙasan da kyau, domin wanda zai sauka daga keke ya ja jiki da hannu, tsabtar daɓen ita ce komai a wurinsa. Idan banɗakin bai yi ba, ba a fasa fita ba. A nemi otal, gidan mai ko gidan ɗan'uwa da ke kusa, ko a taƙaita fitar zuwa awa biyu. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya ƙi shan ruwa tun safe don gudun kewayawa. Da yawa suna yin haka a ɓoye, kuma hanya ce ta jawo ciwon mafitsara da galabaita. A haɗa da duba wurin alwala da sallah, don sau da yawa shi ma a kan dakali yake.

Mataki na 4: Lokaci

A kauce wa ranakun Sallah. Gidan Zoo da lambunan birni a kwanakin nan cika suke maƙil da yara, mai keke ba abin da zai gani sai bayan mutane, makaho kuma hayaniya ta rufe masa kunnen da yake tafiya da shi. Yaron da ƙara da cunkoso ke firgitawa ma haka. Safiyar ranar aiki ta fi, ko bayan la'asar in za a fito kafin magariba. Masu raunin gani da kurame, waɗanda ke magana da hannu da kallon fuska, duhu ba ya yi musu.

A watannin Maris zuwa Mayu zafi a Arewa na haura digiri 40. Wanda ya samu rauni a laka sau da yawa jikinsa ba ya gumi daga inda raunin yake zuwa ƙasa, don haka zafi na taruwa masa ba tare da ya ji ba, ƙarfen keke da ya sha rana kuma yana iya ƙona fatar da ba ta ji. Mai sikila zafi da ƙishi na tayar masa da ciwo, haka sanyin safiyar hunturu, ƙurar kuma ta dami mai asma. Bayan ɗaukewar damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa ta yi tauri kuma ganye bai bushe ba. A ganina babu lokacin da ya kai wannan.

Mataki na 5: Kayan da za a riƙa

Ruwa fiye da yadda ake zato, magungunan da aka saba, hula mai faɗi, da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama ga zabiya. Buta, sabulu, safar hannu, tsohon zani ko leda mai kauri don shimfiɗawa a banɗaki, da kujerar bayan gida mai naɗewa in akwai. Ƙaramar kujerar roba ga mai sanduna. Idan tayar keken ta iska ce, a riƙa famfo da kayan faci, ƙaya ɗaya ta isa ta tsayar da tafiya, kuma mai faci ba ya cikin lambu. A duba birki da robar gindin sanduna tun daren. Kurma ya riƙa waya mai caji ko takarda da biro. Katako mai kauri guda biyu, in mota za ta ɗauka, suna maganin kwata da matakala ɗaya.

Mataki na 6: Ranar fita

Kada a taɓa keken mutum sai an tambaye shi, kuma kada a tura shi ba sanarwa. Mai sayar da tikiti in ya juyo gare ka yana cewa "me yake so?", ka ce masa "ga shi nan, tambaye shi."

Wajen hawa dakali ko matakala ɗaya, a fuskance ta, mai turawa ya taka ƙarfen da ke bayan keken ta ƙasa ya ɗaga ƙananan tayoyin gaba ya ɗora, sannan ya tura manyan su hau. Wajen sauka a juya baya, manyan tayoyi su fara sauka a hankali. Gangara mai tsauri ma da baya ake saukarta. A yashi ko ciyawa, a kwantar da keken baya kaɗan a tafi kan manyan tayoyi, ko a ja shi da baya. In ya zama dole a ɗaga, a kama ainihin jikin ƙarfen, ban da wurin ɗora hannu da wurin ɗora ƙafa, domin cirewa suke yi. Mutum ɗaya ya riƙa ba da umarni, kuma ya fi kyau mai keken ne. Duk inda aka tsaya a danna birki. Wanda ba ya jin ƙasan jikinsa ya riƙa ɗagawa ko karkatawa duk bayan minti 15 zuwa 30, don gudun gyambon zama.

Ga makaho, da yawa sun saba a ja su da sanda, ɗan jagora na gaba. A cikin lambu akwai hanyar da ta fi: ya kama hannunka sama da gwiwar hannu, kai kana gaba da rabin taku, jikinka na gaya masa inda kuka karkata. Amma ka bi wadda ya fi so. Kafin matakala ka tsaya ka ce hawa ce ko sauka, kuma guda nawa. "Yi nan" da "ga shi can" ba su da amfani, ka ce dama ko hagu. Kada kuma bakinka ya tsaya kan gargaɗin rami kawai, ai ba don tsallake rami ya fito ba. Ka kai hannunsa jikin kuka ya ji kaurinta, ka murza masa ganyen darbejiya ya shinshina, ku yi shiru ya gaya maka tsuntsun da ke kuka, sau da yawa ya fi ka sani.

A juyo tun da sauran ƙarfi. Duk nisan da aka yi sai an maimaita shi, ga gajiya ta ƙaru.

Mataki na 7: Magana da masu wurin

A Najeriya neman a gyara wuri don masu nakasa ba roƙo ba ne. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018. Dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine da wuraren jama'a yadda masu nakasa za su iya shiga, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko hukumar da ta nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, ta kuma ce a ba mai nakasa fifiko a layi. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa a 2020, jihohi da dama kuma sun yi tasu dokar.

Sai dai mai gadi ba shi ya zuba matakala ba, yi masa faɗa ɓata rana ne kawai. A nemi manaja, ko a rubuta takarda bayan an dawo. "Wurinku bai dace da nakasassu ba" magana ce da za a ji a manta. A rubuta abin da birkila zai iya aiki da shi: ƙaramar ƙofa faɗinta santimita 70 ne, ana buƙatar 90, kwatar gaban ƙofa na buƙatar sulab biyu, matakalar banɗakin mata tsayinta santimita 20, tana buƙatar gangara mai santimita 240. A haɗa da hoto. Yawancin irin wannan gyara buhun siminti kaɗan ne da aikin yini, kuma takardar ta fi nauyi in ta fito da hatimin ƙungiyar guragu, makafi ko kurame ta garin.

Bidiyon da aka ɗauka da awon da aka rubuta kada a goge su. A tura wa ƙungiyar ko zauren WhatsApp ɗinsu, a sa ranar da aka ɗauka, domin damina ɗaya ta isa ta canja hanya, wanda zai je bayanku kuma ya san ko zai dogara da shi ko sai ya sake aikawa a leƙo.